Daɓen da Aka Yi wa Kaka

Ranar wata Alhamis ce, kwana uku da gama zuba damman gero a rumbu, a shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, a Dogarawa. Da hantsi muka ji tulu ya fashe a makewayi, sannan muryar Kaka, mahaifiyar babanmu, tana kiran sunan Allah a hankali. Da aka ɗauko ta a kan tabarma na ga ƙafarta ta hagu ta gajarce, tafin ya juya waje kamar ba nata ba.

Makewayin nan shi ne abin alfaharin gidanmu. Ƙanen babanmu, Baba Illa, ya samu aiki a kamfanin siminti na Malbaza, ya zo ya yi wa uwarsa daɓe a wurin wanka, ya goge shi da cokalin magini har yana ƙyalli. Maƙwabta sukan shigo su shafa da hannu. Mu yara kuwa mun gano masa wani amfani. Da zarar idon manya ya kauce, sai ni da ƙannena biyu mu saci gutsuren sabulun salo, mu jiƙa daɓen, mu yi ta zamiya daga bango zuwa bango. A safiyar nan ma mun yi, muka ji motsi, muka tsere ba mu wanke ba.

Ba wanda ya zargi daɓen. Kaka ta sha faɗuwa a gona da bakin rijiya, ta dafa rairayi ta miƙe tana dariya. Gwaggonmu ta ce, "Tsohuwar da kunyar gona ta kada sau goma ba ta karye ba, mi za ya karya ta cikin gida in ba hannu?" Idanu suka koma kan Inna Abu, matar wan babanmu da ya rasu, wadda ba ta haihu ba, ta zauna tana yi wa surukarta hidima. Ita ta kai ruwan wankan. Aka tuno Kaka ta yi mata faɗa a kan akuya shekaranjiya. Aka tuno ba ta yi kuka ba. Abin da ya fi komai muni, an gan ta durƙushe tana dirzar daɓen da toka tun kafin maɗori ya iso. Aka ce ta wanke abin da ta zuba.

Maɗorin ya zo daga Badaguishiri, ya lalluba, ya ce karayar ta yi zurfi cikin nama, karan ɗori ba zai kai gare ta ba. Mutanen gida suka ji abin da suke son ji. Aka hana mu cin tuwon Inna Abu, in ta shigo tsakar gida hira ta mutu. Kaka da kanta ta ce ƙafarta ce ta zame, aka ce kunyar suruka ce. Ni kuwa kullum sai na shirya magana, in tuna bulalar babanmu, in haɗiye.

Kaka ba ta sake takawa ba. Kwanciya ta ci mata baya, tari ya shiga, ta rasu kafin ruwan shuka. Bayan sadakar arba'in Inna Abu ta ɗaure kayanta za ta koma wajen danginta a ƙasar Illela. Na riƙe mata ƙwarya zuwa bakin hanya. Da mota ta tsaya ta karɓa, ta dube ni ta ce, "Mamman, ka bar wasa da sabulu, tsada gare shi." Nan na gane abin da ta dirje.

Na yi yawon fatauci, na zauna Kumasi da Abijan da Jidda. A wani asibiti inda nake yi wa wani dattijo tafinta, likita ya nuna mini hoton ƙashin cinya. Daf da ƙugu yana da wuya siriri kamar na ludayi, kuma da tsufa cikinsa kan rarake kamar karan da gara ta ci. Yaro in zai faɗi hannunsa kan riga shi isa ƙasa. Hannun tsoho makara yake yi. In ƙafa ta zame gefe, nauyin jiki duka sai ya sauka a kan ƙashin ƙugu, inda nama ya riga ya zube. Rairayi kan sha bugun, siminti ba ya sha.

Da na koma na nemi Inna Abu, na tarar ta daɗe da rasuwa. Na faɗa wa 'yan uwa gaskiya, suka yi murmushi suka ce tsufa ya sa ni tausayi.

Yanzu gidajen Konni, inda nake zaune, duk daɓen karo ne, wato tayil mai sulɓi, har banɗaki, tsofaffi na takawa a kai da silifa, 'ya'yansu na ganin gata suka yi musu. Nawa daɓen na sa an bar shi da kaushi, da ƙarfen dafawa a bango, jikokina na cewa na cika tsoro. Ba na musu da su. Gaskiyar ta tsufa a hannuna har ba sauran wanda za ta wanke.