Turaren da Ya Fitar da Mutanen Bene

Ɗan ƙanena ya tafi Malesiya karatu, ya gama, ya zauna can yana sayar da kaya ta intanet. Wata rana ya kira ni ta bidiyo ya ce, "Gwaggo, ki riƙa aiko min da turaren wutarki. Abin da ya fito mu haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse."

Ni bakina ba ya riƙe albishir. Kafin la'asar duk matan layinmu a Daura sun ji, har da 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci, inda na koyi rubuta sunana da furfura a kaina. Mun gaji da jiran 'yan ga-ruwa.

Na haɗa turare irin wanda uwata ta koya mini: itacen sandal da na hawi, farcen turare, sukari, miski. Ki zuba a garwashi, ɗaki ya turnuƙe, maƙwabta su san kin yi shara. Aka kai Kano, ya hau jirgi.

Ba a jima ba ya sake kira, yana dariya har da hawaye.

"Gwaggo, kin fitar da mutanen bene guda waje!"

"Ni? Ina nan zaune ina tsinke zogale?"

Ashe gidajensu ɗakuna ne a kan ɗakuna, kuma kowane rufi da na'urar da ke kurma ihu in ta shaƙi hayaƙi. Wata baiwar Allah ta zuba turarena cike da cokali, na'ura ta ɗauka gobara ce, jama'a suka sauko da jarirai a hannu. Masu saye suka fara janyewa.

Ya ce a rage hayaƙin. Na ce, "Kai, tafi can! Turaren da ba ya hayaƙi ai sabulu ne." Na kashe wayar.

Da safe na leƙa waje, na ga maƙwabciyata, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta ajiye jarka a ƙofa tana jira. Ta ce, "Hajiya, yaushe masu haƙan za su zo?"

Na koma ciki na zauna gaban turmi. Na rage sukari, na daka itacen ya yi laushi, na mulmula shi ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, yadda za a ɗora a kaskon lantarki ba garwashi. Na ɓata da yawa ina tsaki. Da na dace, ƙamshin ya tashi a hankali, ba a ganinsa, amma ya kama labule.

Na aika, can suka karɓa. Har wata ta turo hoto ta jera shi a ɗan faranti kamar alewa.

Ranar da injin haƙa rijiyar ya huda ƙasa ruwa ya yi tsalle, na tsaya a ciki da mayafina har na jiƙe sharkaf. Tsohuwar nan ce ta fara tara jarkarta. Ni kuwa na ɗauko kasko, na cika shi da garwashi, na zuba na ainihin, mai hayaƙin, na zagaya rijiyar ana guɗa. Na nuna wa yaron ta waya na ce, "To, nan ba mai ihu sai mu."