Gidan Mai Agogo

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Bukar, Allah Ya jiƙansa, amma har yau in na ji an ce "Mai Agogo" sai in ji haushi. Kishi ne, ba na ɓoyewa.

Ni ne babba. Ni na tsaya a fadama ina noman shinkafa, ruwa ya cinye in sake shukawa, da rani in hau gora in shiga kogi in kamo kifi mu ci da tsohonmu. Bukar kuwa ya bi fatake Kukawa, aka daɗe ba labarinsa. Da ya dawo Haɗeja ko turmin zane bai zo da shi ba. Abin da ya zaro daga aljihu agogo ne na azurfa, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, an zana ganyaye da furanni a murfinsa, ga 'yar sarƙa siririya. Wai a hannun wani Balarabe ya saya.

Kai jama'a! Har daga Kaugama ake zuwa a kara kunne a ji yana ƙas-ƙas. Abin dariyar ma, ba shi ke faɗa mana lokaci ba. Sai ladan ya kira magariba, Bukar ya buɗe murfi ya juya hannun agogon ya dace da kiran, sannan ya gyaɗa kai kamar shi ya ba rana izinin faɗuwa. Na ce masa, "Kai Bukar, to amfaninsa me?" Ya ce, "Yaya, ai don a gani ake riƙe shi." Gaskiyarsa. In an yi baƙi, Baba ba ya cewa a kira ni Haruna da na cika rumbu, sai dai, "Ku kira mini Bukar ya buɗe musu abin nan."

Da yana raye yau da an sha kallo. Attajirai biyu a garin nan sun sayo nasu daga Kano, na ɗayan har da ruwan zinariya. Na san halin Bukar, sai ya ƙi cin tuwo, daga baya ya ce ƙarar nasu ba daɗi. Wallahi ina kewar bakin nan nasa.

Gidan nan ni na gina shi, ni na riƙe marayunsa har suka yi aure. Burina ɗaya, a ce gidan Haruna. Shi ya sa da babban ɗan Bukar zai koma Jahun na ce ya tafi da agogon, gadonsa ne. Na ɗauka in abin ya bar gari, sunan zai bi shi.

Ina! Bara matata ta rasu. Ina zaune a zaure, ko wankan gawa ba a gama ba, na ji mai shela yana zagaya unguwa yana cewa an yi rasuwa a gidan Mai Agogo. Ranar tawa ma haka zai faɗa, kuma ba wanda zai tambayi wane gida ne.