Mai Riƙon Batir a Zauren Baba

Wata Asabar ce bayan girbi, a shekarar 1987, ina aji biyar a lakwal, wato makarantar bokon Tanut, Yaya Issufu ya sauko daga kamiyo, babbar motar kayan da ke zuwa daga Arlit, da kwali biyu ɗaure da igiya. Ya tarar da mu muna jidar damman gero zuwa rumbu, ƙaiƙayi ya cika mana wuya. Bayan la'asar ya buɗe kwalayen a zaure. Ɗaya ɗan ƙaramin talabijin ne baƙi da fari, wanda muke ce wa tele. Ɗayan wani akwati ne da bai kai faifai ba, wayoyi biyu sun fito daga jikinsa, kowace da abin murɗawa a bakinta. Wani nasara da suka yi aiki tare ya bar masa su da zai koma ƙasarsu. Yaya gyaran wuta yake yi can, saboda haka nan da nan ya haɗa kayan da wani tsohon batirin mota. Gilashin ya yi haske, sai ga farar sanda a dama, wata a hagu, da ɗan ɗigo yana kai da komowa tsakaninsu yana kuka tit, tit. Mutum biyu suke yi, kowa yana murɗa nasa don sandarsa ta hau ko ta sauka ta tare ɗigon. Wanda ya fara kai goma sha biyar shi ya ci. Iyakar wasan ke nan, amma mu da ba mu san komai ba sai langa da ƙwallon tsumma, mun ɗauka duniya ce ta zo gidanmu.

Kwana goma Yaya ya yi. Ranar da zai koma ya dafa kafaɗata ya ce, "Laminu, a hannunka na bar su. Jar waya a nan, baƙa a nan. Kar ka bar kowa ya zagaya bayan tele." Na yi ta murna, ban san aiki aka ɗora mini ba.

Maƙalin jar wayar ya saki tun a mako na biyu. In ba a danne shi da hannu a kan batir ba, hoton sai ya yi rawa ya ɗauke. Tun da an hana kowa zuwa baya, ni ne mai dannewa. Haka zan durƙusa bayan tele, bayana jingine da bango, yara kusan talatin sun cika zaure har ƙofa, ni kuwa ba na ganin komai sai ƙurar da ke bayan akwati. Da ihu nake sanin wanda ya ci. Batirin kuma yini biyu yake yi ya mutu. Sai in ɗora shi a kan jakinmu in kai garejin Malam Habu, abokin Baba, wanda yake cika mini shi yana mita, wai shi motocin mutane yake gyarawa, ba wasan yara ba. Ruwan batir ya cinye mini wandon lakwal biyu, Inna ta yi faci har ta gaji.

Baba bai hana ba, amma ya kafa sharaɗi. Sai na jawo ruwa, na kai awaki bayan gari na dawo da su, na zuba wa jaki harawa, sannan in buɗe zaure, kuma da an kira salla a kashe. Rijiyarmu zurfi gare ta, kafin ka cika tulu huɗu tafin hannunka ya yi ja. Ina can ina ja, yaran suna bakin ƙofa suna kiran sunana kamar na ci musu wani abu. In sun watse ni ne mai share ɓawon gyaɗa. Na yage takarda daga kayen lakwal, littafin da muke rubutu a ciki, na rubuta sunaye don a bi layi, sai aka ce na sa ƴan unguwarmu a gaba. Na koma jefa ƙuri'a da karan gero, aka ce ina yi wa karan alama. Uwayen yara suka fara zuwa wurin Inna da ƙara, cewa ƴaƴansu sun daina aike. Mushenmu ma, malamin ajinmu, da ya miƙo mini takardar jarrabawa, cewa ya yi, "Tun da tele ta shiga gidanku lissafi ya fita."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ban yin wasan. In na ce wani ya karɓe ni, sai a tuna mini da maganar Yaya. In na jira kowa ya tafi, batir ya yi sanyi, hoton ya tsuke ya koma kamar tafin hannu. Ƙanwata Hadiza takan riƙe mini maƙalin, amma da wa zan yi? A wata huɗu, ban jin na zauna gaban gilashin nan sau goma.

Sani shi ne abokina tun muna ƙera motocin kara. Da farko tare muke kora jakin zuwa gareji, yana riƙe batir ina jan igiya. Da hannunsa ya faɗa, ya zama ba mai cinsa a Tanut, sai ya daina zuwa sai lokacin wasa. Labarinsa ya kai har Gangara. Wata ranar kasuwa, cikin hutun lakwal, yaran can suka biyo iyayensu, suka zo da gwaninsu, wani dogo mai suna Ali da ya taɓa yin irin wasan a Damagaram. Da safen ranar na je gidan su Sani na roƙe shi ya raka ni ɗauko batir, ya ce yana hutar da hannunsa. Ni kaɗai na je, jakin ya yi mini gardama a hanya, na iso gumi sharkaf.

Zauren bai taɓa cika irin ranar ba. Ina durƙushe ina jin ana ƙirgawa, goma da goma, sha biyu da sha ɗaya, har Sani ya kai sha huɗu, Ali yana sha uku. Tafin hannuna ya jiƙe, maƙalin ya ɗan zame, hoton ya girgiza. Sai na ji muryar Sani, ko leƙowa bai yi ba: "Kai mai batir, riƙe da kyau mana!" Zauren ya fashe da dariya, har baƙin. Mai batir. Na dubi hannuna, na ɗaga shi. Da gangan na yi.

Kukan ɗigon ya tsaya. Na ce batir ne ya ƙare. Sani ya taso ya zagayo inda ba wanda ya taɓa zuwa sai ni da Hadiza, ya ɗauki maƙalin ya danna da kansa. Tele ta kama garau, amma ƙirgen ya goge, ba ci ko ɗaya. Ya ɗago ya dube ni. Ƴan Gangara suka ce mun kashe ne don mun ga nasu zai rama, namu suka ce ƙarya ne, aka kaure da kokawa har randar da Baba ke ajiye wa baƙi ruwa ta fashe. Baba ya shigo ya tsaya, kowa ya sulale. "Zauren nan na baƙi ne, ba filin dambe ba," in ji shi. Ya sa na mayar da kayan cikin kwali da hannuna, aka kai ɗakinsa har Yaya ya zo ya tafi da su.

Washegari na jawo ruwa ba mai kirana, na ji wani sauƙi da na kasa faɗa wa kowa don kunya. Sani bai sake yi mini magana ba har ƙarshen shekara. Shi ya wuce aji shida, ni na maimaita. Daga baya mun koma gaisawa, har yau in mun haɗu a biki ko jana'iza muna tambayar iyali, amma ba wanda ya taɓa tayar da zancen ranar.

Yanzu ina Damagaram, ɗana Nasiru ya mayar da ordinatar ɗakinsa, wato kwamfuta, matattarar wasa. Abokansa na Yamai da Maraɗi da Agadas ta cikinta suke haɗuwa, dole ya bar ta a kunne. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ko rezon intanet ya yanke, wayarsa ba ta hutawa da ƙorafi. Rannan na ji shi yana faɗa, wai shi da ke ɗawainiyar ko wasan bai samu ya yi ba. Na tsaya bakin ƙofarsa na duba ƙasa, takalmi ƙafa ɗaya ne kawai, nasa. Wanda ya ɓata masa rai yakan cire shi da danna yatsa, ba su haɗa ido ba. Takaicinmu iri ɗaya ne, sai dai nawa da mutane a cikinsa.