Alawar da Inna Ta Fara Ci

Jiya 'yata ta shigo da kwalin alawar Turkiyya, mai taushin nan da ake barbaɗa wa farin gari. Ƙamshinta na buguna, sai na tuna Inna, uwar mijina.

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu ne, muna zaune a Yalwawa. Maigidana da yayansa sun daɗe ba sa magana saboda gonar gado a Aujara. Da Yaya ya dawo daga Makka, da kansa ya kawo irin wannan kwali ya ajiye gaban Inna.

Maigidana ya buɗe, ya ga garin.

"Kada wanda ya taɓa," in ji shi. "Wa ya san abin da aka barbaɗa?"

Yaya ya miƙe yana laluben takalmansa.

Inna ba ta ɗaga murya. In ranta ya ɓaci, bakin mayafinta kawai take gyarawa. Ta gyara, ta ɗauki guda, ta yi bisimilla.

"Inna, ciwon suganki," na ce.

"Na sani."

Ta tauna a hankali da dasashi, garin ya ɓata mata leɓe, muna tsaye muna kallo. Ta ɗauki wata, ta ja har ta rabu biyu, ta miƙa wa kowannensu.

"In da wani abu, na riga ku. Ku ci."

Suka ci. Ranar da ta rasu, su biyun suka sa ta a kabari.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya ba ta zaƙin da babu likitan da zai hana ta.