Amsa da Gira

Kaemo bai taɓa roƙon kowa ya kai shi Faransa ba, wannan a fara sani. Yana zaman zamansa a ƙauyenmu a tsibirin Lifou, can tsakiyar teku a ƙarƙashin mulkin Faransa, yana shara da wanke ciwo a ɗakin shan magani, Asabar ya tafi gonar doya, Lahadi ya ɓarke da waƙa a coci, sai dattawan dangi suka zauna suka ce abin kunya ne a ce har yau baƙi ke yi wa tsofaffinmu allura. Aka duba, aka duba, ido ya faɗa kan Kaemo, don hannunsa na da sanyi, kuma shi ne ba ya musu. Da matarsa da 'ya'yansa biyu, ya haura talatin, aka nema masa tallafin karatu aka ɗora shi a jirgi zuwa garin Limoges na Faransa ya koyo aikin jinya. Sharaɗin tallafin ɗaya ne: ka faɗi shekara, a yanke, ka dawo gida. Ranar tafiyarsa ƙauye kaf ya raka shi filin jirgi. To da wane ido mutum zai dawo musu hannu rabbana?

Ya sauka da silifa a ƙafa. Treulu, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, wanda ya daɗe a garin yana tuƙa bas, shi ya tarbe shi a tashar jirgin ƙasa. Ya dubi ƙafar, ya dubi sama.

"Kai ɗan ƙauye, kamun kifi ka zo? Nan sanyi yatsu yake tsinkewa."

"To ai kai ka tsira da naka, sai dai gashin kai da ya tafi."

Daga ranar Kaemo ya shiga uku da mutanen nan. Ya hau bas ya gaida kowa, layi-layi, ba wanda ya tanka, wata ma ta ƙara rungume jakarta. Ya ce to, ashe ba a gaisuwa a garin. Washegari ya shiga shagon burodi ya nuna abin da yake so, mai shagon ta tsaya ƙiƙam ta ƙi motsi sai da ya ce mata barka da asuba. Ya ce to, ashe ana yi. A makaranta ya gaida wani malami da safe, ya sake gaida shi da rana, malamin ya ce, "Ai mun gaisa ɗazu," kamar an taka masa ƙafa. Kai jama'a! Gaisuwa ma sai an auna ta kamar maganin tari? Da zai fita daga shagon burodin nan kuwa ya ce "tata", yadda muke sallama a gida, ashe a bakinsu gwaggo kenan. Matar ta ce ita ba gwaggon kowa ba ce.

Wata Lahadi ya dafa kaza da madarar kwakwa, ya ɗauki tukunya ya nufi gidan wani abokin karatunsa. Abokin ya buɗe ƙofa rabi, ya ce me ya faru, wani ya mutu ne? Wai da ya bugo waya tun farkon mako. Ganin mutum sai an ba ka rana, sai ka ce likitan haƙori. Ran da suka gayyace shi cin abinci kuma, tun kafin a kawo miya gardama ta kaure a kan yajin aikin jirgin ƙasa, ana buga tebur, jijiyoyin wuya a waje. Kaemo ya janye kujerarsa baya yana jiran a fara jifa da faranti. Can sai ya ga an miƙe ana sumbatar kumatu, ana cewa an ji daɗin hira.

Duk wannan mai sauƙi ne. Karatun takarda ma bai ba shi wuya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne aikin gwaji, don ba a wuce shekara sai shugabar inda aka tura ka ta sa hannu. Shi aka tura shi wani gidan tsofaffi a bayan gari, ƙarƙashin Madam Peyrichou, wata gajeriyar mata mai furfura da ke tafiya kamar ana bin ta a baya.

"Ka ba na ɗakin ƙarshe maganinsa?" in ji ta a safiyar farko.

Kaemo ya ɗaga gira.

"Da kai nake."

Ya sake ɗagawa, har goshinsa ya tattare. Madam ta yi tsaki ta tafi ta duba da kanta, ta tarar an ba da maganin, an ma gyara shimfiɗa.

To ina laifinsa? A wurinmu ɗaga gira shi ne "i". Jariri ma ya san wannan. Kuma in babba na magana ba ka zuba masa ido, ba ka cika masa kunne da surutu, kanka a ƙasa kana saurare. Tarbiyyar da aka yi wa Kaemo kenan, kuma ta kama shi da kyau. Sai dai kan da ke sunkuye, wa zai ga girarsa? Mako ya bi mako, Madam na tambaya, Kaemo na amsawa da dukan ladabinsa, ita kuwa tsakiyar kansa kawai take gani.

"Matar nan ba ta ji ne?" ya ce wa Treulu. "Sau nawa zan amsa mata abu ɗaya?"

Treulu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Shashasha, baki ake buɗewa! Ka kalle ta cikin ƙwayar ido ka ce i, Madam. In ka samu dama ma ka ce a'a, Madam, sun fi son wannan."

"Sa'ar uwata ce fa."

"To ka koma wa uwar taka ba takarda, ka ga wadda za ta fi jin haushi."

Ya gwada, Allah ya gani ya gwada. Yakan ɗago kai da niyya, ido ya zame da kansa ya koma kan takalmi. Ya yi dabara ya riƙa kallon kunnenta. Kwana biyu Madam ta ce me ke jikin kunnenta ne yake ƙura masa ido haka? "I, Madam" ɗin kuma in ya fito, a maƙogwaro yake maƙalewa, ta ce me ka ce, shi kuma gira ta riga baki tashi.

Ranar hukunci ta kira shi ofis. Tana zaune, shi ya raɓe a bakin kujera ya haɗa hannu tsakanin gwiwoyi.

"Ba zan ɓoye maka ba," in ji ta, "ban ga yadda zan sa maka hannu ba. Aikinka tsaf yake. Amma mai jinyar da ba ya amsawa, ba ya tambaya, ba ya cewa a'a, haɗari ne. Ran da likita ya yi kuskure wa zai faɗa masa? Kai?"

Kaemo na jin ta. Filin jirgin ƙauyenmu yake gani, da mutanen da suka cika shi.

"Kuma ko fuskar tsofaffin nan ba ka kallo," ta ci gaba. "Ni dai gani nake ba ka damu da su ba."

Nan ne abin ya tsinke. Shi kansa bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Ni? Ni ne ban damu da su ba?" Muryar coci ce ta fito, har gilashin taga ya amsa. "Tun ran da na zo nake amsa miki, da wannan!" Ya dangwala yatsa a girarsa. "Ban kalle su ba don sun haife ni! Ku da kuke kallonsu cikin ido, me kuka yi musu? Kun kwaso iyayenku kun jibge a gidan nan kamar tsofaffin kujeru, Lahadi ta zo ta wuce ba ɗa ba jika, sai talabijin! A garinmu wanda ya yi wa uwarsa haka ko gawarsa ba mai ɗauka. Sannan ki ce ni ne ban damu ba? Haba, Madam! Haba!"

Cikin idonta yake kallo, bai ko ƙifta ba.

Madam ta cire tabarau ta ajiye. "Tsohuwar da ke ɗaki mai kallon lambu, wadda kake yanke wa farce, ka san ta?"

Bai amsa ba, ko da gira.

"Uwata ce. Ita ta zaɓi nan da bakinta, ta ce gara ta mutu da 'yarta ta yi mata wanka. Ku a garinku akan tambayi tsohuwa abin da take so, ko dai 'yar gidan ce ke barin rayuwarta ta zauna, ba mai tambayarta ita ma?"

 Kaemo ya so ƙasa ta tsage. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai ya ga matar murmushi take yi, har tana murza hannu kamar wadda aka kawo wa abinci.

"Yawwa! Ashe akwai mutum a ciki! Rabin maganarka shirme ne, rabi kuma gaskiya ce, za mu ƙarasa ta wata rana. Haka nake so ka yi wa likita. Girar kuma ka haɗa ta da baki." Ta jawo takarda ta sa hannu.

Treulu da ya ji labari sai da ya tsayar da cin abinci ya yi rawa. "Shegen kaya! Ka zama Bafaranshe!" Kaemo ko loma bai iya kaiwa baki ba. Ya ci shekara, i. Amma ya tsaya a kan dattijuwa ya ɗaga mata murya, ya zage ta ta uwa, a gaban idonta. Abin da ya fi ci masa rai, wai da wannan aka ba shi lada.

Irin wannan laifin a wurinmu ba a barinsa ya kwana biyu. Kakan ɗauki yadi da ɗan ganyen taba, ka je ka ajiye a gaban wanda ka ɓata wa, ka sunkuya ka faɗi laifinka da bakinka. Shi kuma ya ɗora hannu a kan yadin ya mayar da magana, shi ke nan an binne. In bai ɗora ba, maganar tana nan a wuyanka. Kaemo ya buɗe akwati ya ciro yadi mai jan fure da ya zo da shi daga gida, ya naɗe taba a ciki. Da safe ya sami Madam a ofis, ya ajiye a kan tebur da hannu biyu, ya sunkuyar da kai ya fara.

"Na zo ne da ƙanƙan da kai, ni ƙarami, a gabanki ke babba, saboda maganar da bakina ya..."

"Mene ne wannan kuma?"

"Neman gafara ne, Madam."

"Gafarar me? Kai, kada ka ɓata min! Ranar nan ce rana mafi kyau da ka yi a gidan nan. Ɗauke kayanka, ba ma karɓar kyauta daga ɗalibai. Kuma ɗago kan nan, kada in sake ganin tsakiyarsa."

"Hannu kawai za ki ɗora."

Waya ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta yi masa alama da yatsa ya je ana jiransa a sama, ta juya baya tana magana. Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya ɗauki yadinsa ya fita, don lokacin maganin safe ya yi. Kafin shekara ta zagayo Madam ta yi ritaya ta koma kudu.

Yanzu Kaemo na nan a ɗakin shan maganinmu, shi ke yi wa tsofaffi allura. Likitocin da ake turowa suna shakkarsa, don yakan kalle su ya ce a'a. In an tambaye shi Faransa, sai ya ce akwai sanyi. Kwanaki matarsa na neman abin da za ta ɗinka wa 'yarsu rigar coci, ta ci karo da yadin a ƙasan akwati, tabar ta bushe ta zama gari. Ta ce ga yadi mai kyau yana ta zama a banza.

"Mayar da shi," in ji Kaemo. "Ba namu ba ne. Na wata ne, ba ta karɓa ba tukuna."