Nonon da Ya Ƙi Zama a Ƙwarya

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar damina, shekarar da aka ce Turawa sun taka wata, yaƙin basasa bai ƙare ba tukuna. Ina da shekara goma ko sha ɗaya a lissafin kakata. An yi ruwa da asuba, tsakar gidanmu na unguwar Soron Ɗinki ya yi laushi, kaji suna tono a gindin katanga, mu kuwa uku muna tsaye a kan turmi ɗaya: ni, da Talatu 'yar wan babana, da Jummai ta maƙwabta. Geron furar suna muke dakawa. Bakina yana tafiya kamar kullum, domin tun ina ƙarama ni ce mai ba da labari a cikin 'yan matan layinmu, ko a wajen ɗiban ruwa a famfo, ko a wajen carafke, ko an gaji da gaɗa an zazzauna. Sai dai labarin ranar babu kura a cikinsa, babu sarki. Labarin mutum bakwai ne da suka shiga kumbon ƙarfe suka nufi wani tauraro.

A wurin Baffa Isyaku na samo shi, ƙanin babana, wanda shi kaɗai ya yi boko a gidanmu, yana aikin akawu. Yana da wani littafin Turanci da bangonsa ya yage, da hoton wani abu kamar turmi a kife wuta tana fita ta ƙarƙashinsa. In ya dawo aiki ya zauna a zaure, ni nake kai masa ruwa, sai in ƙi tafiya, in yi ta tambaya har ya gaji ya fassara mini shafi biyu ko uku. A nan na ji cewa a can sama abu ba ya faɗuwa, in ka saki ludayi sai ya tsaya yana lilo a gabanka. A nan na ji mutum-mutumin ƙarfe masu aiki ba barci ba ci. Ni ba a sa ni boko ba, allo kawai na yi, amma abin da ya shiga kunnena sau ɗaya ya zauna ke nan, har yau kuwa.

Kakata, uwar babana, kowa Inna yake ce mata. Bafulatana ce da aka haifa a ruga, aure ya kawo ta cikin birni, ta bar shanu amma ba ta bar hannunta na fura ba. Ba ta sayarwa. Roƙonta ake yi, in za a yi biki ko suna a gidan da take ganin mutuncinsa, daga unguwar Sheshe har Shahuci. Furar ranar ta wata aminiyarta ce, Hajiya Yalwa ta Shahuci, 'yarta ta haihu. Kafin Inna ta koma kan kaɗin audugarta, sai da ta ajiye mana ƙoƙo biyu a kan faifai: ƙarami na citta da kanumfari da ɗan barkono wanda za a zuba a turmi, da babba cike da yajin maijego da ta kwana uku tana haɗawa, wanda za a kai wa mai haihuwar daban. Wanda ya taɓa lasar yajin maijego irin na da ya san abin da nake nufi.

To, muna lugude. Yaran yanzu ba su san shi ba. Taɓarya uku ce a turmi ɗaya, ta wannan tana fita ta wancan tana shiga, sauri yana ƙaruwa, a cilla taɓarya sama a yi tafi a cafe, ƙasa tana amsawa har cikin ƙirji. In ɗaya ta makara da ƙiftawar ido, itace ya haɗu da itace, sai haƙorin wata. Shi ya sa shekaru da yawa bayan nan, da ɗan farina, wanda ba na kiran sunansa, ya shigo da wani kaset yana sakandare, ban yi abin da ubansa ya yi ba. Kiɗan Turawa ne da yake ce wa tirash metal. Uban ya fito daga ɗaki yana tambayar injin wa ya lalace. Ni kuwa na ce a bari in ji. Mawaƙin dai ba ni da alherin da zan faɗa a kansa, kamar mutumin da aka taka wa ƙafa a kasuwa, masu jitar kuma sun cika son a san suna nan. Amma mai gangar, wannan ya san aiki. Gudu yake yi kamar an biyo shi, amma bugu ɗaya bai hau kan ɗan'uwansa ba. Na ce wa yaron ko ma wane ne wannan, uwarsa ta iya daka. Yanzu ɗan nawa ya haura arba'in, da furfura a gemunsa, ana ce masa Injiniya, har yau kiɗan nan yake sawa a mota, in na shiga ya kai hannu zai kashe, in ce ya rage mai ihun in zai yiwu ya bar mini mai gangar.

Mu koma kan turmi. Na kawo wurin da kumbon ya sauka a ƙasar da ba ruwa ba ciyawa, sai na ga taɓaryar Jummai ta tsaya, ta Talatu ma ta tsaya, duk sun zuba mini ido. Wanda bai taɓa ba da labari ba bai san daɗin wannan ba. Na jingine tawa, na durƙusa ina zana musu kumbon a jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsinke. Inna ta yi gyaran murya daga ɗaki, ta ce ba ta jin turmi. Na zabura na miƙa hannu ta baya, idona yana kan fuskar Jummai, bakina bai daina ba, na ɗauki ƙoƙo na juye. Muka ci gaba da daka muna atishawa, muna dariyar atishawar. Sai da aka tankaɗe, aka cura, aka dafa, aka kirɓa, sannan na waiwaya na ga ƙaramin ƙoƙo yana nan da kayansa, babban ne wayam. Inna tana da mura a makon, hancinta a toshe, ba ta ɗanɗana ba. Na rufe ƙaramin da faifai na sa a cikin kayan da za a kai, na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun shi ne laifina na gaskiya, ba zubawar ba.

Da la'asar mata suka cika gidan Hajiya Yalwa, aka dama fura da kindirmo, aka ce a fara ba manya tunda ta Inna ce. Ban je ba, amma an ba ni labari sau ba adadi. Matar limamin unguwar ta kai ludayi ɗaya, hawaye ya zubo mata, ta ce a ba ta ruwa. Wata ta tambaya ko dukansu aka mayar masu jego. Maijegon kuwa da ta buɗe nata yajin ta lasa, sai ta ce Inna ta tsufa, hannunta ya yi sanyi. Wannan maganar ce ta fi yi wa Inna ciwo. Ta dawo gida mayafinta a kafaɗa, ba ta dake ni ba, da ma ba ta duka. Ta tara mu ta tambaya, Talatu ta faɗi komai har da zanen ƙasa. Sai ta dube ni ta ce, “Hansai, daga yau bakinki ya mutu a gidan nan. Tatsuniya da rana tsaka, a kan turmi, ba ki ko rufe ta da ƙurunƙus an san ƙarya ce ba.”

Na yi kwana tara ban ba da labari ba. In na je famfo 'yan mata suka ce in ƙarasa musu, sai in ce kaina ke ciwo. Ina shara, ina wanke-wanke, ina kai wa awaki dusa, labarin yana tafasa a cikina ba wurin fita. Abinci ma ya daina shiga. Baffa ne ya roƙa mini, ya ce laifin nasa ne da littafinsa. Inna ta ce to, a kawo abin da ya ci mata mutunci ta ji da kunnenta. In ya kai labari, za ta san yadda za ta yi da ni. In bai kai ba, magana ta ƙare.

Na zauna a gabanta da hantsi, tana kaɗi, mazari yana juyawa a cikin 'yar tasa. Na ba ta shi tiryan-tiryan yadda Baffa ya ba ni, da kumbon, da mutanen ƙarfen, da ƙasar da ba ruwa. Mazarin bai ko girgiza ba. Da na gama sai ta tambaye ni 'ya'yan waye su bakwai ɗin nan. Na ce ba a faɗa ba. Ta ce wa ya yi musu guzuri, wa suka yi wa sallama da za su tafi. Na ce shi ma ba a faɗa ba. Ta ce, “A kan marasa uwa kika zubar mini da yaji?” Ta ba ni zuwa jibi in zo mata da amsa.

Na koma wa Baffa, ya juya littafin gaba da baya, ya ce wallahi babu zancen uwa ko sallama a ciki, abincinsu ma wasu 'yan ƙwayoyi ne kamar magani. Kuma ra'ayina a kan irin waɗannan littattafai bai canja ba tun daga ranar, ko da yake Injiniya ya tara su cike da kabad, ya kuma fassara mini da yawa. Ina girmama masu rubuta su, domin maƙaryata ne masu ƙarfin hali, ba sa tsoron nisa, kuma wasu ƙaryayyakin nasu na rayu na gan su a tafin hannun jikokina. Amma sai su ɓata shafi arba'in a kan yadda ƙofa take buɗe kanta, ba su gaya maka wanda ya shigo ya gaida wa ba.

Tunda littafi ba shi da shi, sai na ƙera da kaina. Da jibi ta yi na koma gaban Inna, na ce ƙaraminsu ɗan Fulani ne, auta, uwarsa ta hana shi tafiya ya ƙi, sai ta ƙulle masa fura da gorar nono ta juya baya don kada ya ga fuskarta. Ya yi kwana arba'in a sama bai taɓa ba. Ranar da kewa ta ishe shi ya ɗauko ƙwarya ya tsiyaya nonon, sai nono ya ƙi zama, ya tashi dunƙule-dunƙule yana yawo a cikin kumbo, furar ta bi ta nan, ludayi ya bi ta can, shi kuma yana bin su da ƙwarya yana kuka, hawayen ma suka ƙi sauka. Nan na yi shiru, na dubi ƙasa, kamar na gama. Sai na daina jin ƙarar mazari.

Inna ta ce, “To, ya aka yi ya sha?”

Na ce ai bakina ya mutu a gidan nan. Ta ɗauki faifai ta jefe ni da shi, ta ce 'yar nema, ƙarasa. Da na ƙarasa, hukuncin da ta yanke shi ne in ba da labari bayan la'asar in an gama aiki, ban da kan turmi, ban da bakin murhu, kuma in rufe kowanne da ƙurunƙus yadda ake rufewa. Ta kuma sa ni na je Shahuci da ƙafata na durƙusa gaban Hajiya Yalwa na faɗi wanda ya zuba yajin, don sunan hannunta ya wanku. A kan wannan sharaɗi na yi shekara fiye da hamsin ina ba da labari, a gidanmu, da gidan aurena, da gidajen biki.

Yanzu aikin Injiniya ke nan, haɗa manhajar kwamfuta. Ya sa mini wata a waya, ina magana tana rubutawa, shi kuma ya gyara, da ita aka rubuta wannan. Ba zan ci amanarta ba, tana da biyayya, ba ta gajiya, ba ta ce mini na taɓa faɗin wannan. Amma kullum sai ta nemi a sabunta ta, ga turmin Inna can ya fi shekara sittin bai taɓa neman komai ba. Babban aibinta kuwa, in na yi shiru don magana ta nuna, sai ta ɗauka na gama ta kashe kanta. Na ce ya gyara, ya ce zai ƙara mata daƙiƙa biyar. Na ce ba daƙiƙa ba ce matsalar, ba ta ƙosa ta ji ba ne.

Gidan Soron Ɗinki yana nan, an shafe tsakar gidan da siminti, gero kuwa inji ake kai wa. Jikokina suna zuwa ran Juma'a, yara ne masu ladabi, in na fara labari sukan zauna, kunne ɗaya a wurina, ɗaya da abin saurare, yatsa yana tafiya a kan waya. In na kai ƙarshe su ce ya yi daɗi, Hajiya. Ina iya yi da safe, ina iya yi da rana tsaka, ko a kicin, ba mai cewa uffan, domin ba aikin da zai tsaya saboda ni. A da, labari abu ne da har sai an kafa masa doka a gida. Ban taɓa zaton zan yi kewar mai hana ni magana ba.