Muryar Inna a Bayan Moto

A cikin shekarun da na yi ina sana'ata a kasuwar Gure, abubuwa da yawa sun wuce na manta su, amma tafiyar da muka yi neman kawuna ba na jin za ta bar zuciyata har in koma ga Allah.

Sana'ata haɗa ƙananan lasifika ce, irin wadda matafiyi zai rataya a kafaɗa. Nakan ciro bakin lasifika daga matacciyar rediyo, in samu batirin tsohuwar salula, in liƙe wayoyin da dalma, in zuba su cikin ɗan akwatin katako. Sai mutum ya sa katinsa mai karatu ko waƙa ya kama hanya. Direbobi da makiyaya su ne masu saye. Ban taɓa ɗaukar abin da wani muhimmanci ba, hanyar cin abinci ce kawai.

Kawun nan nawa wan mahaifiyata ne. Da ƙuruciyarsa makiyayi ne, ya san dajin da ke tsakanin Gure da Kelle ciki da waje. Da tsufa ya kama shi sai hankalinsa ya fara gushewa. Yakan fita ya manta hanyar gida, amma kullum a bakin kasuwa ake tsintarsa. Wata safiya cikin bazara ya fita, aka duba kasuwa babu shi. Aka yi cigiya a masallatai, aka gaya wa jandarma, 'yan uwa suka bazu suna kira har muryoyinsu suka dushe. Abin da aka samu kawai shi ne wani mai amalanke ya ce ya ga wani tsoho ya nufi arewa da sanda.

Sai babban ɗansa ya same ni a rumfa. Taubashina ne, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, amma ran nan ko gaisuwar kirki ba mu yi ba. Ya ce min kiran da ake yi banza ne, domin tsohon in ya ji muryar da bai sani ba ɓuya yake yi. Murya ɗaya ta rage masa a duniya da yake amsawa, ta matarsa, wadda duk muke kira Inna. Ita kuwa gwiwoyinta sun daɗe da gazawa, ko ƙofar gida da ƙyar take kaiwa. Ya tambaye ni ko akwatunan nan nawa za su iya ɗaukar muryarta.

Muka je da salula muka zauna gabanta. Da farko kunya ta hana ta ɗaga murya, ta yi ta gwadawa abin yana fita a shaƙe. Can sai ta kau da kai daga gare mu, ta fuskanci ƙofa, ta yi kira yadda ta saba.

"Malam, ka taho gida. Rana ta yi zafi, ga furarka nan na dama."

Ta maimaita da Barbarci, domin tun da hankalinsa ya taɓu ya fi komawa harshen da ya tashi da shi. Na koma rumfa na haɗa akwati mai ƙarfi fiye da waɗanda nake sayarwa, na ƙara masa batir, na ɗaura masa igiyar fata. Muka cika moto, wato babur, da esansi, muka ɗaure bidon ruwa, muka fita. Shi yake tuƙi, ni ina baya rungume da akwatin.

Wanda bai taɓa bin tuddan rairayin nan da moto cikin bazara ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Rabin tafiyar turi ce. Ƙafar moton ta nutse, mu sauka mu tura, mu hau, ta sake nutsewa. Duk tudun da muka hau sai mu kashe inji, in ɗaga akwatin sama in kunna. Muryar Inna ta bazu cikin daji, mu kasa kunne, ba abin da ke amsawa sai kukan kurciya. Mu gangara mu nufi na gaba.

A rugage da ƙauyuka mutane sukan fito da zaton masu tallar magani ne. In suka saurari maganar sai jikinsu ya yi sanyi. Na tuna wasu mata a bakin rijiya da suka saki guga suka tsaya, wata dattijuwa cikinsu tana share ido da gefen mayafi. Kowa ya ba mu ruwa, kowa ya nuna mana wata hanya, kuma hanyoyin ba sa haɗuwa. Sau ɗaya aka kai mu wurin wani tsoho da aka tsinta, muka sheƙa da murna, ashe uban wasu ne.

Shi ma akwatin ya sha wuya. Girgizar hanya ta tsinke masa waya, sai da na roƙi garwashi wurin wani mai shayi na gasa ƙusa na liƙe ta. Batir yakan yi zafi har in ji tsoron ya fashe, in jiƙa rawanina in naɗe shi. Inda muka samu mai farantin hasken rana mu tsaya mu yi caji, muna zaune muna kallon rana tana tafiya ba mu yi komai ba.

Amma duk wannan bai gajiyar da ni kamar muryar ba. Magana ɗaya, safe da yamma, a jikin ƙirjina. Har ta kai ko na kashe ina jin ta cikin kaina. Wata rana da azahar muna ƙarƙashin wata aduwa, leɓunanmu sun tsattsage, taubashina ya ce in kashe, ba zai iya ƙara jin uwarsa tana kiran wanda wataƙila ya riga ya mutu ba. Na kashe. A raina ina cewa da ma ya ce mu juya gida, kuma na san shi ma abin da yake so in faɗa ke nan. Ba wanda ya faɗa. Daga baya ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"Kunna," ya ce. "In gawa ce ma, sai mun kai mata."

Da la'asar ta wata rana muka hau wani tudu da ke kallon wani kwari mai garake, wato lambuna, da itatuwan dabino. Na kunna ba tare da na sa rai ba, hannuna ne kawai ya saba. Muna shirin gangarawa sai ga wani mai garka ya hauro yana haki. Ya ce akwai wani tsoho da ya sauka a kwarin, ba ya magana da kowa, in an matso shi sai ya shige cikin kaba, sai dai su ajiye masa ruwa da dabino su ja da baya. Yanzu da muryar nan ta tashi, ya ga tsohon ya miƙe yana laluben sandarsa.

Muka same shi tsaye a gindin dabino, ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ɗaya ya ɓace. Ɗansa ya durƙusa gabansa yana cewa Baba, Baba, amma ko kallonsa bai yi ba. Akwatin da ke hannuna yake kallo.

"Na ji," tsohon ya ce wa akwatin a hankali. "Bari shanun su sha ruwa tukuna."

Rabonsa da mallakar saniya tun muna yara. Muka ɗora shi tsakaninmu a kan moto, kuma bai yarda ya zauna ba sai da na sa masa akwatin a cinya yana ta magana. Kafin mu ga gidajen Gure batir ya mutu, tsohon ya fara ƙoƙarin sauka. Sai na ji taubashina, da muryarsa da ta dushe, ya ɗauki maganar uwarsa yana maimaitawa, da Hausa da Barbarci, har muka shiga gari.

Na zaci Inna za ta yi kuka ko guɗa. Ba ta yi ba. Ta dubi ƙafafunsa, ta ce a ɗora ruwan zafi.

Da na warware na je gaishe su, na tarar da ita zaune a bakin ƙofa, ta ɗaure gefen rigarsa da wuyan hannunta da wani tsumma, shi kuma yana ta ja yana son fita. Na zauna ina ba ta labarin wahalar da muka sha, da rairayi, da ƙishi, da ciwon baya. Ta saurare ni har na gama, ta sa min albarka, sannan ta ce, "Kun gaji, ɗana, na sani. Ni haka nake kwana, haka nake tashi. Ran da ya fita, gyangyaɗi ne ya ɗauke ni." Ta faɗe shi ba da ƙorafi ba, kamar mai ba da labarin farashin gero.

Daga ranar muka raba zaman tsakaninmu, kowa da yininsa, don ta samu ta runtsa. Kawu ya ƙara damina guda a duniya, ya rasu a kan shimfiɗarsa.

Abin da na koya shi ne, in ciwo ya daɗe a gida kowa majinyacin yake tambaya, ba mai tambayar wanda ke zaune kusa da shi. Mu da muka yi 'yan kwanaki a daji duk gari ya yi mana sannu, ita da ta yi shekaru ba wanda ya ga gajiyarta, domin ba ta taɓa faɗa ba. Shi ya sa yanzu duk gidan da na shiga dubiya, in na gaida mai ciwo sai in juya ga mai jinya, in tambaye shi yaushe rabonsa da barci.